Hannun Ɗan Hedimasta

Ƙarar ta iso kunnenta tun kafin ta ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki. Ta san ta sarai. Ƙarar wayar wuta ce idan ta sauka a kan fata, mai kaifi, sai shiru, sai kuma wata. Babu kuka a tsakani, don ɗanta ya daɗe da daina kuka.

Maman Injiniya ta bar hannun rigar da take haɗawa a ƙarƙashin allura, ta fito tsakar gida. Mijinta, wanda duk unguwa ke kira Hedimasta ko da yake ya yi ritaya, yana tsaye a ƙofar falo da wayar naɗe a hannu. Ɗanta na durƙushe a gabansa, saurayi da ya fi uban tsawo, ɗalibin shekarar ƙarshe a kwalejin fasaha. Injiniya ake ce masa tun yana ƙarami, saboda babu rediyon da zai shiga hannunsa ya fita bai ga cikinsa ba.

"Malam, me ya yi kuma?"

"Tambaye shi mana. A shagon mai aski aka gan shi, a tsugune, yana gyaran fanka. Ɗana. Kamar wanda ba a ciyarwa a gidansu."

"Roƙona ya yi, Baba," in ji yaron, kansa a ƙasa. "Waya ce kawai ta tsinke."

"Ina magana kana magana?"

Wayar ta sauka a wuyansa, ta naɗo har gefen kunne. Ta sake sauka a baya, ta sake, har farar rigar ta fara fitar da jajayen layuka. Auta, ƙanwarsa 'yar firamare, ta maƙale a bayan duron ruwa ta toshe kunnuwa da tafukan hannu. Uwar ta tsaya tana murza gefen zaninta. Ta san idan ta matsa, dukan ƙaruwa zai yi. Sai da Hedimasta ya gaji don kansa, ya rataye wayar a ƙusar da ke bayan ƙofa, ya ce a kawo masa ruwan sha.

A ɗakin ɗinkinta ta cire wa yaron riga a hankali, don ta manne da jini. Ta jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi tana gasa masa.

"Ka yi haƙuri. Saura kaɗan ka gama."

"Na sani, Umma."

"Da ka karɓi takardarka shi ke nan."

Ya ɗauki littafinsa ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, don bayan ba zai iya taɓa ƙasa ba, ya ci gaba da karatu.

Da can Hedimasta yana da makaranta guda da zai raba wa fushinsa. Da aka karɓe ta daga hannunsa, sai rabon kowa ya dawo kan mutum ɗaya. Zangon ƙarshen nan kuwa abin ya wuce yadda aka saba. Idan yaron ya dawo bayan faɗuwar rana daga ɗakin gwaji, yawo ya je. Idan ya dawo da wuri, gudun aji ya yi. Wata rana ya tarar da shi yana dariya a waya da abokin karatunsa, ya karɓe wayar ya buga masa ita a baki har leɓe ya fashe. Wata safiya kuma, saboda sakamakon wani gwaji bai kai yadda yake so ba, ya sa shi ya tuɓe riga a tsakar gida, ya zuba masa ruwa, sannan ya ɗauko wayar wutar, wai jiƙaƙƙiyar fata ta fi jin magana. Yaron ya koma sa riga mai dogon hannu ko da zafi ya kai ina, ya koma zama a bakin kujera kamar baƙo. Ya rame, ya daina kallon mutane a ido. Ko cokali ne ya faɗi a kicin sai ka ga kafaɗunsa sun ɗaga.

Maƙwabta suna ji, don katangar ba ta da tsawo. Mai shagon da ke jikin gidan ya taɓa ce mata, yana auna mata sukari, "Ai ku kun dace, Maman Injiniya. Dubi 'ya'yan unguwar nan yadda suka lalace. Naku ko sigari bai sani ba. Da kowane gida akwai irin Malam, da mun huta."

Ta karɓi ledarta ta ce ta gode.

Aikin kammala karatun da aka ba shi, wata na'ura ce da ke kashe injin ruwa da kanta idan tanki ya cika. Tun farkon zango yake haɗa ta, ɗan allo kore cike da ƙananan wayoyi, da 'yan fitilu, da akwatin roba da ya yanka da hannunsa. Ranar da zai gwada ta, soket ɗin ɗakinsa ya ƙone, sai ya kawo ta falo ya ɗora a kan teburin uban, da niyyar ɗaukewa kafin ya dawo. Fitilar ta kama, ƙaramin injin ya tashi, ya kuma mutu da kansa daidai lokacin da ruwa ya cika bokiti. Auta ta yi tsalle. Uwar ta leƙo daga ɗaki da almakashi a hannu, ta ga ɗanta yana murmushi har haƙoransa sun fito, abin da ta manta rabonta da gani.

A haka Hedimasta ya shigo. Ya wuni a layin ofishin fansho an ce ya dawo wani makon. Ya dubi teburin, ya dubi jaridarsa da aka ajiye a ƙasa.

"Falona ne ya zama bola?"

"Yanzu zan kwashe, Baba."

Hedimasta bai jira ba. Ya sa hannu ya share teburin gaba ɗaya. Allon ya faɗi a kan siminti, ya bi shi da dunduniyar takalmi, ya taka, ya murza, ya sake takawa har sai da ya dagargaje. Bokitin ya kife, ruwa ya malale falon.

Yaron ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, me na yi maka ne?"

Sai Hedimasta ya juya ya zare ƙarfen da ake tokare ƙofar falo da shi.

"Malam, don Allah," in ji uwar. Ya ture ta da gwiwar hannu ta bugu da bango.

Kan yaron ya nufa. Yaron ya ɗaga hannun dama ya kare, ƙarfen ya sauka a tsintsiyar hannun da wata ƙara kamar an karya busasshen ice. Ya durƙushe ya riƙe hannun. Uban ya sake ɗagawa ya sauke a wuri ɗaya, a kan yatsun da ke riƙe da karayar. A nan ne yaron ya yi ƙara, irin wadda uwar ba ta taɓa ji daga bakin mutum ba. Auta ta saki fitsari a tsaye.

"Gobe ma ka ƙara tambayata," in ji Hedimasta. Ya mayar da ƙarfen mazauninsa, ya tsallake ruwan, ya shige ɗaki.

A asibiti hoton ƙashi ya nuna karaya a tsintsiya da yatsu biyu. Nas ɗin da ke shirya shi ta tambayi abin da ya faru.

"Faɗuwa ya yi daga babur," in ji uwar. Maganar ta fito mata sumul, kamar ta daɗe tana jiran a tambaya.

Nas ta yanke hannun rigar da almakashi, ta ɗaga bayan, ta tsaya tana kallon tsofaffin layuka da sababbi. "Babur ɗin ne ya yi masa wannan zanen ma, Mama?"

Uwar ta kalli ƙasa. Sai ga Hedimasta ya shigo da ledar ayaba, fuskarsa a sake, yana gaisawa da masu jinya gado-gado. Nas ta dube shi, ta yi saurin russunawa.

"Malam, kai ne? Ai kai ka koyar da ni lissafi."

"Na gane ki. Ke ce mai surutu a layin baya. Kin ga amfanin bulalata yanzu ko?"

Ta yi dariya, ta ce ta gani. Ta sauke rigar yaron ta rufe bayan, ta rubuta babur a katinsa.

Gwaggo, yayar Hedimasta, ta zo dubiya washegari. Uwar ta ja ta ɗakin ɗinki ta rufe ƙofa ta gaya mata gaskiya, tana fata ko ita za ta iya yi masa magana. Gwaggo ta saurara tana gyara zaman mayafinta.

"To shi me ya kai shi mayar wa uba magana? Ke ma ki faɗi gaskiya. Uba ba ya dukan ɗansa don ƙiyayya. Mu da muka tashi, mahaifinmu har ɗaure Malam yake yi a jikin bishiya ya wuni a rana, ga shi ya zama abin da ya zama. Hannu ai ɗoruwa yake yi. Ki rufa wa mijinki asiri, kada ki bari maganar nan ta fita."

"Jarrabawa ta kusa, Yaya. Da dama yake rubutu."

"Allah ai biyu ya ba shi."

Da hagun kuwa ya koma. An ɗaure daman cikin farin siminti daga gwiwa zuwa yatsu, an rataye masa a wuya. Da safe, idan uban ya fita majalisarsa ta 'yan ritaya, sai yaron ya shigo ɗakin ɗinki ya zauna a ƙasa da tsofaffin takardun da take yanka samfurin riga da su, yana koyon rubuta sunansa kamar ɗan aji ɗaya. Rubutun ya fito kamar kaza ta yi tono. Ya yage, ya sake. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan takardar.

Malamin da ke duba aikinsa ya ce zai ƙara masa lokaci kaɗan, amma dole na'urar ta tsaya a gaban masu jarrabawa. Abokansa suka harhaɗo masa kayan da suka rage musu. Sai dai liƙa waya da dalma ba aikin hannu ɗaya ba ne.

"Kawo in gani," in ji uwar. "Wadda ke zura zare a allura ba za ta kasa wannan ba."

Ta ture keken gefe, suka shimfiɗa kayan a kan teburin yanka. Shi yana nunawa da bakin fensir, ita tana riƙe da ƙarfen liƙin mai zafi. Ta ƙone yatsa a ranar farko, ta ƙone wani a ta biyu. Hayaƙin dalmar yana sa ta tari.

"Ba nan ba, Umma, ƙafar da ke kusa da ita. Yauwa. Ɗan kaɗan. Ɗage."

"Wannan mai kama da ƙwaro me sunansa?"

Ya faɗa mata. Ta gwada maimaitawa harshenta ya harɗe, suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Da ke aka ba gurbin karatun nan, da tuni kin gama."

"Rufa mini asiri. Ni da ko sunan abin ban iya ba."

Da sun ji tarin Hedimasta a ƙofar gida, sai ta yafa atamfar mutane a kan kayan, ta hau keke ta fara takawa.

Ta ɗauka simintin zai zame masa kariya. Ranar jarrabawarsa ta farko, da safe, uban ya ce ya kawo masa shayi. Yaron ya kawo, ya durƙusa, ya miƙa.

Hedimasta ya dubi kofin, ya dubi hannun. "Da hagu kake miƙa mini abu?"

Kafin ya buɗe baki, an watsa masa shayin a ƙirji, mari ya biyo baya, sannan ƙafa ta same shi a kan simintin hannun. Ya faɗi ya dunƙule yana numfashi sama-sama. Uwar ta canja masa riga, ta shafa masa man ƙuna.

"Ka yi haƙuri. Saura kaɗan."

"Umma, ki daina faɗa mini haka," in ji shi a hankali. Ya ɗauki birunsa ya fita.

Ya rubuta jarrabawar duka da hagu. Na'urar ta tashi a gaban masu jarrabawa, ta kuma mutu da kanta lokacin da ya kamata. Da aka fasa simintin, tsintsiyar hannun ta fito a ɗan karkace, yatsu biyun kuwa ba sa lanƙwasuwa har ƙarshe. Likita ya ce haka za su zauna.

Ranar yaye ɗalibai babban ɗakin taron kwalejin ya cika ya batse. Fankoki na juyawa ba sa komai. Maman Injiniya ta zauna tsakanin mijinta da Gwaggo, cikin kayan da ta ɗinka wa kanta, Auta a gefen ƙafarta. Daga nesa duk ɗaliban kama ɗaya suka yi mata, baƙaƙen riguna da huluna masu geza, amma ta gane nata daga yadda yake zaune a bakin kujera.

Shugaban kwalejin ya daɗe yana jawabi a kan juriya. Ya ce kowane ɗalibi da ke nan akwai iyayen da suka tsaya masa. Aka tafa. Ita ba ta tafa ba. Tana kallon ƙeyar ɗanta tana tuna ranar da ta fara kai shi makaranta, yana riƙe da yatsarta, yana tambayar ta me ke sa fitilar kan titi ta kama ba wanda ya kunna. Yaro ne mai surutu a lokacin. Ta nemi ranar da surutun ya ɗauke, ta kasa samowa, don ba rana ɗaya ba ce. Ta yi tunanin abin da mutanen nan ke kira juriya. Ita ta ga juriyar da idonta: saurayi kwance rub da ciki yana haddace lissafi, jini na tsattsafowa daga bayansa. Ba ta san ko abin alfahari ba ne ko abin kuka. Ta dai san ita ce ta riƙa gasa bayan tana mayar da shi. Amma yau ya ƙare. Abin da ta riƙa faɗa wa zuciyarta ke nan. Ya ƙare, ya fita da ransa, ya fita da hankalinsa.

Aka kira shi, aka ce shi ne ya fi kowa maki a sashensu. Ya hau dandamali, ya miƙa karkataccen hannun aka gaisa da shi. Hedimasta ya miƙe tsaye yana ɗaga hannuwa, yana juyawa ga na bayansa. "Ɗana ne. Ɗana ne wannan."

Da la'asar aka jera kujerun roba a tsakar gida. Maƙwabta suka shigo, da 'yan majalisar ritaya, da mai shago, har da mai askin. Aka raba shinkafa da lemon kwalba. Injiniya ya cire rigar yayen ya rataye a ƙofar ɗakinsa, don ta kwaleji ce, da safe zai mayar. Ya zauna kusa da uban kamar yadda aka umarce shi.

Hedimasta ya yi gyaran murya, ya dafa kafaɗar yaron. Uwar ta ga kafaɗar ta ɗaga.

"Kun dai gani da idonku. Mutane suna cewa na cika zafi. To ga zafin nan ya haifi na ɗaya. Yaron nan ban taɓa raga masa ba, ko sau ɗaya. Da na bi ta uwarsa, da yanzu yana shagon wani yana gyaran fanka."

Aka yi dariya, har da mai askin.

"Gaskiya ne, Malam," in ji mai shago.

"Ƙarfe sai da wuta," in ji wani daga 'yan majalisa, yana tauna.

A lokacin ne Auta ta fito daga bayan ƙofa sanye da rigar yayen. Ta yi mata yawa har tana ja a ƙasa, hular ta rufe mata ido ɗaya. Tana takawa a hankali tana ɗaga hannu kamar yadda ta ga an yi a ɗakin taro. Matan suka fara dariya. Sai ta taka bakin rigar, ta yi gaba, rigar ta kama ƙusar da ke jikin benci ta yage tun daga kafaɗa har ƙasa. Yarinyar ta faɗa kan teburin, kwalaben lemo suka zube a kan kwalin da takardar shaidar take ciki.

Uwar ba ta ga lokacin da ɗanta ya tashi ba. Ta dai ji marin. Da hagu ya yi shi, da dukan ƙarfinsa, yarinyar ta yi gefe kanta ya bugu da ƙafar benci. Ya fizgi wayar cajar da ke kan taga ya naɗe a hannu, ya zuba mata a baya, ya sake zubawa a ƙafafu. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Auta tana birgima cikin baƙar rigar tana kiran "Yaya, Yaya," jini na fita daga girarta.

Uwar ta faɗa a kan 'yarta. Bulala ta gaba a hannunta ta sauka, ta tsaga fatar.

Ya tsaya. Ya dubi hannun uwar, ya dubi nasa. Wayar ta zame ta faɗi.

Daga kan kujera Hedimasta ya yi 'yar dariya. "Ƙyale shi mana. Yau na tabbata ya zama namiji."

Maman Injiniya ta ɗago. Ta miƙe a hankali, ta kamo hannun daman ɗanta, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Ku dubi hannun nan," in ji ta. Muryarta ba ta yi ƙarfi ba, amma tsakar gidan ta yi tsit. "Ba babur ba ne. Ni na ce babur ne. Ƙarfen ƙofar falon can ne, sau biyu, a gabana. Kai mai shago ka ji ƙararsa ranar, ka ƙara wa rediyonka murya. Yaya, ke na gaya miki da bakina."

"Ke, rufe mana baki," in ji Gwaggo. "A gaban mutane?"

"A gaban mutane ake yabonsa, a gaban mutane zan faɗa. Da hagu ya rubuta jarrabawar nan. Ba dukan ne ya ba shi na ɗaya ba. Abin da dukan ya ba shi, ga shi nan kun gani yanzu."

Hedimasta ya taso. Bai yi sauri ba. Ya zo gabanta ya dunƙule hannu ya naushe ta a baki. Ta faɗi zaune, ta tofar da jini da guntun haƙori a kan siminti. Ya ɗaga ƙafa, sai mai askin da wani dattijo suka riƙe shi suna cewa, "Haba Malam, a yi haƙuri, ranar farin ciki ce." Sauran suka sunkuyar da kai a kan farantansu. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da abin yi a gida. Wata maƙwabciya ta tsaya ta juye sauran shinkafarta a leda kafin ta fita.

Injiniya yana tsaye inda yake, hannuwansa a sake, kamar ba nasa ba.

Da gari ya waye ta ɗinke rigar yayen, ɗinki mai kyau da ba a ganewa sai an duba, ta ninke ta ajiye masa. Sannan ta ɗaure kayanta da na Auta. Hedimasta yana falo da jarida, bai ɗago ba.

"Idan kin fita, kin fita ke nan," in ji shi.

"Na ji, Malam."

Yaron ne ya ɗauko kan keken ɗinkin ya kai cikin motar hayar da ta kira. Auta na ganinsa ta zagaya ɗaya gefen motar, filasta a girarta, ta riƙe zanin uwar. Ya tsaya daga nesa.

"Umma," in ji shi, "ban san lokacin da na tashi ba. Wallahi ban sani ba."

"Na sani."

"Ina tsoron hannuna."

Ta dube shi da kumburarren bakinta. Kalmar haƙuri ta zo mata har kan harshe, don ita ta saba fitowa, ta haɗiye ta.

"Ka ji tsoronsa," in ji ta. "Kada ka daina. Kuma ka nemi wanda zai duba maka abin da ke cikin ƙirjinka, yadda aka duba ƙashin. Ni ban iya wannan ɗinkin ba."

Ta kama ɗaki a gidan ƙaninta, a wata unguwa mai nisa, ta kafa kekenta a baranda. Dangin miji suka yi ta aike, wai ta tozarta dattijo a ranar da ya fi kowace rana a rayuwarsa. Ba wanda ya tambayi haƙorinta. Injiniya ya sami aiki a wani kamfanin injinan ruwa a wani gari, ya tafi bai ƙara kwana a gidan uban ba. Yana zuwa ganinsu idan ya sami hutu, da tsarabar littattafai da takalma. Auta takan gaishe shi daga bakin ƙofa, ta karɓi tsarabar ta hannun uwar. Ya ce yana ganin wani likita da ake zama a yi magana da shi. An yi masa zancen aure ya ce a bar shi tukuna. Uwar ba ta matsa ba.

Ɗakin ɗinkin da ta bari a gidan Hedimasta bai daɗe a rufe ba. Labarin na ɗaya ya zaga unguwa, ya fi labarin haƙori saurin tafiya. Hedimasta ya sa aka share ɗakin, aka shigo da bencina da baƙin allo, ya fara koyar da yara bayan an tashi daga makaranta. Kafin wani lokaci wurin zama ya gagara. Wata da ta daɗe tana kawo wa Maman Injiniya ɗinki ce ta ba ta labari, ta ce da yamma idan ka bi ta layin sai ka ji kukan yara har bakin titi.

"Kuma iyayen suna ji?" in ji Maman Injiniya.

"Su suke kai su da hannunsu. Ni ma na kai nawa jiya." Matar ta gyara goyonta, ta yi murmushi. "Na ce masa, Malam, kada ka raga masa ko kaɗan. So nake ya zama kamar Injiniya."